Na tsinci ƙwayoyi a jakar Baba yana kwance a asibiti

Assalamu alaikum Anti. Ina cikin damuwa, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa wannan magana. Mahaifinmu shekararsa 73, tsohon direban babbar mota ne, ya daɗe da ajiye tuƙi. Makon jiya ya zame a banɗaki ya karye a ƙugu, aka kwantar da shi ana jiran ranar tiyata. Kwana biyun farko hankalinsa garau, yana hira da masu dubiya. A dare na uku sai ya canza: gumi, rawar hannu, hamma ba ƙaƙƙautawa, gudawa, ba barci. Yana cewa ga mutane tsaye a bakin gado, ya fizge robar ƙarin ruwa, har ya zagi nas, mutumin da ban taɓa jin ashar a bakinsa ba. Ya yi ta roƙona in miƙo masa 'yar jakar da yake ajiye carbi da turare. Da na buɗe sai na ga tiramadol mai lamba 225 da wasu ƙananan ƙwayoyi rawaya, an rubuta diyazifam. Tausayi ya sa na ba shi ɗaya-ɗaya a ɓoye, cikin awa guda ya natsu ya yi barci. Da na tsare Umma, ta ce ya kai shekara huɗu yana sha, tun da ciwon baya ya matsa masa, wani yaron kemis ke kawowa. Yayanmu ya ce in na kuskura na faɗa wa likita na tona wa Baba asiri. Ya ce iska ce, zai kawo malami a yi ruƙiyya, ni kuma in zuba ƙwayoyin a masai. Likitoci sun ce mai yiwuwa gigin tsufa ne. Anti, in faɗa? In ci gaba da ba shi a ɓoye? Ko in zubar? Kuma yanzu Babana ɗan ƙwaya ne ke nan?

Daga wata mai jinyar mahaifinta.

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sannu da jinya, Allah ya tashi kafaɗun Baba.

Tun daren da saƙonki ya iso na mayar miki da amsa a taƙaice, domin irin wannan magana ba ta jiran ranar fitowar fili. Zan maimaita ta a nan saboda sauran masu jinya: ki faɗa wa likitan da ke duba Baba yau ɗin nan, da ƙwayoyin a hannunki cikin fakitinsu, ki kuma faɗa masa kin ba shi, guda nawa, da ƙarfe nawa. Kada ki sake ba shi a ɓoye. Kada kuma a zuba su a masai a ja baki a yi shiru. Kowanne daga cikin biyun nan yana iya kai shi ga halaka, kuma ba don in tsorata ki na faɗa ba.

Jikin da ya shekara huɗu yana samun irin wannan magani kullum ya riga ya saba aiki da shi. Ranar da aka kwantar da mutum, jaka ta yi masa nisa, yaron kemis ba ya shigowa, sai maganin ya yanke farat ɗaya ba tare da kowa ya yi niyyar yanke shi ba. Hamma, majina, hawaye, gumi, tashin tsikar jiki, murɗawar ciki da gudawa, ciwon gaɓoɓi, rashin barci, duk haka jiki ke yi idan ya rasa tiramadol, kuma yakan fara ne cikin kwana ɗaya ko biyu. Tiramadol yana da wani hali da ya raba shi da danginsa irin su kodin: bayan kashe zafin ciwo, yana taɓa sinadaran ƙwaƙwalwa masu kula da natsuwa da walwala. Shi ya sa wasu idan ya yanke musu sukan shiga firgita da ruɗewa da gane-gane.

Ƙananan rawayan nan kuwa, waɗanda ake ce wa D5 a kemis da tasha, su suka fi ba ni tsoro. Diyazifam yana daɗewa a jiki, balle jikin dattijo, don haka alamomin yankewarsa ba sa saurin fitowa. Sukan ɗauki kwanaki, wani lokaci mako guda ko fiye, in suka zo kuma suna iya zuwa da jijjiga irin ta farfaɗiya da gushewar hankali. Mai yiwuwa abin da kika gani a dare na uku somin-taɓi ne. Wanda ya daɗe a kan wannan magani ba a tsayar masa da shi rana ɗaya. Ragewa ake yi kaɗan-kaɗan cikin makonni, wani ma watanni, likita na lura. Shawarar Yaya ta a zubar, duk da kyakkyawar niyyar da ke cikinta, ita ta fi kusa da jefa Baba cikin jijjiga, ga shi da karyayyen ƙugu.

Natsuwar da ya yi bayan kin ba shi ita ce babbar shaidar da likitoci suka rasa, kuma a hannunki take. Ban ga laifin zuciyarki ba, kin ga mahaifinki cikin wahala ne. Amma dubi abin da ci gaba da haka zai jawo. Tiramadol mai miligiram 50 da mai 100 kaɗai hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta amince da su. Mai 225 ta ɓarauniyar hanya yake shigowa, ba kuma wanda zai rantse miki a kan abin da ke cikinsa. Iyakar abin da ake ba babban mutum a yini miligiram 400 ne, wanda ya haura shekara 75 a rage masa zuwa 300, ga shi guda biyu na wannan sun riga sun wuce iyaka. A lokacin da kike ba shi naki, asibiti ma na ba shi nasu maganin zafin karaya, ba su san da naki ba. Irin waɗannan magunguna idan suka haɗu da diyazifam suna danne numfashi, mutum ya shiga barcin da ba a iya tashinsa. Akwai kuma allurar kashe zafi ta fentazosin da ake yawan yi a asibitocinmu, wadda ga mutumin da jikinsa ya saba da dangin tiramadol tana iya tayar da alamomin yankewar maimakon ta kwantar da shi. Sannan ga tiyata na tafe. Likitan da zai sa shi barci, ko ya kashe masa rabin jiki, yana auna magani ne bisa abin da aka faɗa masa. In bai sani ba, zai iya ba shi abin da bai isa ya kashe zafi ba, Baba ya farka cikin azaba a ɗauka raki ne, ko kuma ya ɗora nasa a kan wanda ke yawo a jini tun dare. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Likitocin da suka ce gigin tsufa sun yi magana ne bisa abin da ke gabansu. Sai dai gigin tsufa ba ya sauka cikin kwana uku. A hankali yake zuwa, cikin watanni da shekaru, da mantuwa, da maimaita tambaya, da ɓata a hanyar da aka saba bi. Dattijon da shekaranjiya yake hira tiryan-tiryan, yau da dare yana ganin mutanen da babu su, da safe ya ɗan dawo, da magariba ya sake rikicewa, wannan ruɗewa ce ta gaggawa, kuma kusan kullum akwai abin da ya tayar da ita a jiki. Ki jaddada wa likita cewa kafin faɗuwar nan Baba yana cikin hayyacinsa. Kuma kada ganin ƙwayoyin ya sa a rufe ido daga sauran dalilai, domin a jikin tsoho sau da yawa biyu ko uku ke haɗuwa: ƙwayar cuta a mafitsara ko a huhu, zazzaɓin cizon sauro, faɗuwar suga, ƙarancin gishiri ko ruwa a jiki, fitsarin da ya taru ya ƙi fita, kwanaki ba bayan gida, ko jinin da ya taru a ka idan ya bugu lokacin da ya faɗi. Tiramadol ɗin kansa yana iya saukar da suga da gishirin jini, yana kuma ɗaure ciki. Ki tambaya cikin ladabi ko an duba waɗannan.

Yayanki kuwa, kada ki ɗauke shi abokin gaba. Abin da yake tsoro gaskiya ne. A garuruwanmu magana ɗaya ta isa ta zubar da mutuncin da dattijo ya ƙare rayuwarsa yana ginawa, har ta taɓa auren 'ya'ya da jikoki, kuma addini ya kwaɗaitar da rufa asirin Musulmi. Amma daga masu tsegumi ake rufa asiri, ba daga mai magani ba. Malamai sun bambance gulma da faɗar halin mutum ga wanda zai iya taimakonsa. Likita ma ƙa'idar aikinsa ta ɗaure shi da riƙe sirrin majinyaci, kuma magani ne aikinsa, ba kai ƙara ba.

Kada ki ta da maganar lokacin zagayen safe, ga ɗalibai, ga masu jinyar gadajen kusa kowa ya baza kunne. Ki bi likitan bayan ya gama, ko ki samu babbar nas ta ɗakin, ki ce kina da magana ta sirri game da magungunan da Baba ke sha a gida. A keɓe za ki miƙa fakitin. Kafin nan ki samo bayani wurin Umma: tun yaushe, guda nawa a rana, da safe ko da dare, ko yana ƙarawa, yaushe ya sha na ƙarshe kafin a kwantar da shi, ko ya taɓa jijjiga, ko akwai wani abu kuma, maganin tari ko jiƙo. Ki roƙa a rubuta a fayil ɗinsa, a kuma sanar da masu tiyata. In Yaya zai raka ki ya fi, ko don ya ji bayanin daga bakin likita. In ya ƙi, ki tafi ke kaɗai. Fushinsa zai huce, abin da muke gudu kuwa ba ya gyaruwa in ya faru.

Ruƙiyya ban hana ba. A yi wa Baba addu'a, a karanta masa Alƙur'ani a hankali, muryar da ya sani ma za ta kwantar masa da hankali. Abin da na hana shi ne a ɗura masa jiƙo ko gari ba da sanin likita ba, ko a taru a kansa ana ɗaga murya ana danne shi, ko a ce a dakata da faɗa wa likita sai an ga abin da ruƙiyya za ta yi.

Tambayarki ta ƙarshe ita ce na san ta fi hana ki barci. Abin da wasiƙarki ta nuna mini shi ne mutumin da ya yi shekaru a kan kujerar babbar mota, bayansa ya gaji, ya nemi sauƙi inda ya fi kusa kuma ya fi arha. Guda ɗaya ta yi aiki, bayan watanni ta daina isa, aka koma mai ƙarfi. Barci ya ƙaurace, yaron kemis ya ce ga wata 'yar ƙarama. Haka tsofaffi da yawa ke shiga, ta hanyar ciwo da rashin barci da kaɗaici, ba neman maye ya kai su ba. Ko abin ya tsaya a sabon jiki kawai, ko ya kai ga ba ya iya hana kansa duk da illar da yake gani, likita ne zai tantance bayan hankalinsa ya dawo. Ko wanne ne, larura ce mai magani. Ina kuma zaton faɗuwar banɗakin ba ta rasa nasaba da su. Hanta da ƙodar tsoho ba sa wanke magani da sauri: diyazifam ɗin da rabinsa ke barin jikin ɗan shekara 20 cikin kusan kwana ɗaya yakan kai kwana uku zuwa huɗu a jikin ɗan 80. Na jiya bai fita ba an ɗora na yau, sai jiri da tangaɗi, a tashi fitsarin dare ko alwalar asuba a zame.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda muka kau da ido daga tsofaffinmu a wannan batu. Rahoton babban binciken shaye-shaye na 2018, wanda ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 sun yi ta'ammali da ƙwayoyi cikin shekara guda, miliyan 4.6 dangin tiramadol, miliyan 2.4 maganin tari, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. Amma 'yan shekara 15 zuwa 64 aka ƙidaya. Baba da sa'o'insa ba sa cikin lissafin. Da gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, maganar matasa da matan aure aka yi ta yi, ba a cika jin wanda ya tuna da gyatumar da ta saba kurɓa kafin barci ba. A asibiti ma haka abin yake. Saurayi ya zo yana rawar jiki, nan take a zarge shi; dattijo mai furfura da carbi ya zo da alamomi iri ɗaya, a ce tsufa ne. Nauyinsa ake ji, na sani, amma shi ne ke kwana a ciki.

Giya ma zan ambata, ko da wasu ba za su so ba. Akwai dattawan da ke sha kullum, a garuruwan da aka saba da burkutu da kuma gidajen da ba mai zato, wasu ta hanyar jiƙe-jiƙen kwalba da aka haɗa da barasa, ba su ma ɗauke su giya ba. Ga wanda jikinsa ya saba, rawar hannu da gumi kan fara cikin awa 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe, jijjiga cikin kwana biyun farko, sannan mummunar ruɗewa da zafin jiki da saurin bugun zuciya tsakanin kwana na biyu da na huɗu, wadda ke kisa in ba a kula ba. Idan aka sani da wuri ana tare ta da magani da bitamin B1. Ko mai shan taba da mai cin goro da yawa sukan yi ciwon kai da saurin fushi in an kwantar da su. Wannan mai sauƙi ne, amma a faɗa.

'Yan'uwana ma'aikatan lafiya, a tambayi kowane tsoho ranar da aka ba shi gado, ba sai wanda aka zarga ba. "Baba, kana shaye-shaye?" zagi ne a kunnensa, amsar kuma a'a ce. A ce masa: "Baba, in bayan nan ya motsa me kake sha? In barci ya ƙi zuwa fa? Wa ke kawo maka? In ka kwana biyu ba ka sha ba, yaya kake ji?" Kuma ba a gaban surukai da jikoki ba. A sa iyali su kwaso duk abin da yake sha a leda guda, na asibiti da na kemis da na gargajiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara tambayoyi don wannan aiki, AUDIT na giya da ASSIST na sauran abubuwa, 'yan mintoci kawai suke ci.

Masu tsofaffi a gida kuma, a lura da yawan faɗuwa, gyangyaɗi da rana tsaka, sarƙewar magana, sakaci da wanka da abinci, fushi in an taɓa wata jaka, magani na ƙarewa kafin lokaci, aiken yara kemis daban-daban. Babu ɗaya daga ciki da ke tabbatar da komai, amma ya isa a kai ledar magani gaban likita a duba.

In dawo gare ki, ƙanwata. A dararen nan ki kira nas nan take idan ya yi jijjiga, ko kika kasa tashinsa, ko numfashinsa ya ja baya bai kai sau 10 a minti ba, ko leɓɓansa sun canza launi, ko baƙin tsakiyar idonsa ya tsuke ƙwarai. Akwai allurar naloksan da ke warware dannewar numfashin da dangin tiramadol ke jawowa, in an san abin da ya sha. Ki bar masa ɗan haske, ki riƙa gaya masa inda yake da lokacin salla, a rage masu dubiya. Zagin da ya yi kada ki riƙe shi a rai, ba cikin hayyacinsa ya yi ba. Ke ma ki samu mai karɓar ki ki runtsa.

Idan ya dawo daidai, shi ya kamata ya fara jin cewa kin faɗa, daga bakinki, ku biyu kawai. A Suratul Isra'i, aya ta 23, an hana mu ce wa iyaye ko da "uf", don haka ba taron dangi, ba wa'azi, ba titsiye. Ki ce: "Baba, saboda tiyata na nuna wa likita magungunanka, ya ce sun yi wa jikinka ƙarfi, zai canza maka tsari." Zai iya jin kunya, zai iya ɗaure miki fuska na kwana biyu. Ki bar shi ya yi magana da likitan da kansa, domin jikinsa ne, kuma shi zai ɗauki wahalar ragewar. Umma ma kada a ɗora mata laifi, shekara huɗu ta yi tana ɗauke da wannan ita kaɗai.

Kada ku bar asibiti sai an rubuta muku tsarin ragewar dalla-dalla da ranar komawa, da abin da za a yi wa ciwon bayan da ya faro komai. In aka cire ƙwaya aka bar ciwo, yaron kemis zai dawo. Ki tambaya game da sashen gashin ƙashi, kuma kada a maye gurbi da ibufurofen ko diklofenak ba da izinin likita ba, domin suna cin ciki da ƙodar tsoho. Mutum ɗaya a gida ya riƙe maganin yana bayarwa. A bincika ɗakinsa a kwaso ragowar a miƙa wa asibiti, saboda bayan an rage masa jiki ba zai sake ɗaukar abin da ya saba ba, 225 ɗin da yake sha a da tana iya ɗauke masa numfashi yanzu. Zuwa wurin yaron kemis a ja masa kunne kuwa, aikin Yaya ne, ki bar masa shi.

In likita ya ce a ga masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, kada sunan ya firgita ku, su ne suka ƙware a ragewar irin waɗannan magunguna. Akwai su a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri. Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ma tana da layin shawara na kyauta, 0800 1020 3040. Ki sanar da ni yadda tiyatar ta kasance. Allah ya ba shi lafiya.